Ɗaki Biyu a Saman Shago

Makullai bakwai ne a zobe ɗaya. Ya sake min su a tafin hannu, har na ji nauyinsu ya ja hannuna ƙasa.

"Naki ne," ya ce. "Tun daga ƙofar waje har madafa."

Muna tsaye a tsakiyar falo, irin falon da in ka yi tari sai bango ya mayar maka da abinka. Yayarsa ta jingina da taga tana jiran in fashe da kukan murna. Ɗiyata kuma ta riƙe gefen mayafina, ta ɗaga kai tana bin rufin da ido.

Na dubi makullan, na dube shi. Tabaran da na haɗa masa da hannuna ne a fuskarsa, idanunsa suna ƙyalli a bayansu kamar na ɗalibin da ya zo na ɗaya.

"Kafinta..." na ce. "Ba zan iya zama a nan ba."

Murmushin ya daɗe a fuskarsa, kamar ya manta yadda ake cire shi. Yayarsa ce ta tafa hannu, ta ce ai dama ta faɗa, wanda bai saba da abin arziki ba ko an ba shi bai san ta inda ake riƙewa ba.

"Yaya, don Allah," ya ce mata, idonsa yana kaina. "Me ya rasa? Faɗa min in gyara."

"Babu abin da ya rasa."

"To mene ne?"

"Awa ɗaya da minti arba'in muka yi a hanya. Na duba agogo."

Na ajiye makullan a bakin taga. Muka dawo cikin gari a motarsa ta ɗaukar katako.

Ni ma'aikaciyar shagon tabarau ce. Likita ya rubuta, ni in yanka gilashi in zaunar da shi. Mijina ya rasu ɗiyarmu tana da shekara biyu, na koma wurin Ummata muka ci gaba da lallaɓa rayuwa mu uku. Yarinyar ba ta ji, haka aka haife ta. Kurciya muke kiranta, saboda wani ɗan sauti da take yi a maƙoshi idan abu ya yi mata daɗi. Shekararta takwas a lokacin, tana aji uku a makarantar kurame. Makarantar guda ɗaya ce tal a garin, kuma daga ƙofarmu zuwa can tafiyar minti goma ce a ƙafa.

Shi kuwa Kafinta, wata rana ya shigo shagonmu yana ƙunƙuni, wai masu yin tef ɗin awo sun fara rage girman lambobi. Na ce masa lambobi suna nan yadda suke, idon ne ya fara neman hutu. Ya yi dariya har da buga kanta. Bayan ya karɓi tabaransa, sau huɗu yana dawowa cikin wata guda, kullum ɗan sukurun gefe ya kwance. A zuwa na huɗu na gane da kansa yake kwance shi.

Na ce, "Kafinta guda, sukuru ya gagare ka?"

Ya ce, "Akwai wanda sai hannun likita."

Tun daga ranar Likitata yake kirana, duk da ya san ko allura ban iya ba.

Ban ɓoye masa komai ba, shi ma haka. Ya gaya min a gidan haya ya tashi, sau goma sha ɗaya suna tashi daga wannan gida zuwa wancan. Akwai ranar da mai gida ya fitar musu da kaya ana ruwan sama, mahaifiyarsu ta zauna a kan akwati ta rufe fuska don kada maƙwabta su ga idonta. A ranar ya rantse ba zai taɓa kai matarsa gidan wani ba. Shi ya sa ya ƙi aure har ya doshi arba'in. Shekara tara yana ginin, kowace ƙofa da kowace taga da hannunsa ya yi. Ya ce min gidan yana "can gaba da gari kaɗan", ya kuma hana ni gani sai an gama.

Duk na san wannan. Amma da aka zo wurin, agogo na duba.

Kashegari ya zo ana shirin rufe shago. Ya ce ya yi tunani, shi zai riƙa kawo yarinyar makaranta kowace safiya. Na tuna masa aikinsa yana kai shi wasu garuruwa ya yi mako biyu yana rufin gini, kuma ƙarfe takwas ake rufe ƙofar makaranta. Na ce za a tashe ta tun duhu, ta dawo bayan faɗuwar rana, kuma duk ƙawayenta masu yarenta a kewayen makarantar suke. Ya ce can akwai fili, akwai iska, akwai bishiyoyin da ya shuka, yarinya za ta yi gudu son ranta.

"Ɗakinta shuɗi na fente shi," ya ce. "Kin ma shiga?"

Ban shiga ba. Maimakon in amsa, sai na ce masa akwai wani gida da za a saki a layin makarantar, ɗaki biyu a saman shago.

Fuskarsa ta sauya.

"Haya."

"Eh."

"Kina so in kai matata gidan haya."

"Ina so ka kai matarka inda ɗiyarta za ta rayu."

"Shekara tara, Likitata..."

"Ni ma shekara takwas, Kafinta."

Ya gyara zaman tabaransa ya fita. Kullum in ya kai bakin ƙofa sai ya waiwayo. Ranar bai waiwayo ba.

Mako uku muka yi, bai kira ba, ban kira ba. An ce girman kai rawanin tsiya, to mu biyu kowa ya naɗa nasa ya ƙi kwancewa. Ina yanka gilashi ina kallon waya ta gefen ido. Sau biyu ina juya gilashin dama zuwa hagu, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyon aiki.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin mako na biyu Yayarsa ta zo shagon, wai a goge mata tabarau. Ta zauna ta gyara murya, ta ce ita ba ta ga abin wahala ba, in bar yarinyar wurin kakarta, in riƙa leƙo ta ƙarshen mako. Ta ce in dubi kaina da kyau, bazawara mai ɗiya kurma ta samu ɗaki biyar tana yanga. Ta ce ƙanwar mijinta tana nan, budurwa, ba ta da wani ja-gaba ja-baya, ko a saman dutse aka gina gidan za ta zauna. Sannan ta sassauta murya ta ce shi da bakinsa ya faɗa, tsakanin gida da mace, mace ta fi sauƙin samu.

Na goge tabaran tas, na hura, na sake gogewa, na miƙa mata da hannu biyu.

"Yaya, ɗiyata ba kaya ba ce da ake bari ajiya. A gaida gida."

Sai da ta fita na shige ɗakin baya, na kunna injin goge gilashi don kada a ji kukana.

Umma ta bar ni na sha ƙunci na kwanaki, sannan wata safiya tana tsefe wa Kurciya kai ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko da ya nuna min gidan na ce masa ya yi kyau.

Sai a lokacin na tuna ban faɗa ba.

"Ban ce ki koma can ba," ta ce. "A kan yarinya kina da gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma mutum ya ɗauko zuciyarsa ya ɗora miki a hannu, ke kuma kika gaya masa ƙarfe nawa. Gaskiya ma tana son a sa mata riga."

Ranar Asabar na shirya ni kaɗai. Bas na farko ya sauke ni a tasha, na biyu ya sauke ni a mararraba, na jira motar haya ta cika kafin ta ɗauki hanyar da ba kwalta. Awa biyu da rabi na yi.

Ƙofar a buɗe take. A falo na tarar da Yaya da wata budurwa doguwa mai dogayen farata, sun ja tef suna auna taga. Yaya ta ce min labule suke aunawa, ta ja kalmar yadda zan ji ta har ƙashi. Shi yana tsakar gida yana goge wani katako, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Da ya gan ni sai hannunsa ya tsaya.

Na gaishe shi, na nemi izinin zaga gidan. Ya gyaɗa kai.

Ɗaki ɗaya bayan ɗaya na shiga. Ƙofofin ba sa ƙara, tura su kake yi da yatsa ɗaya. A madafa ya yi kanta daidai tsawona, ban san lokacin da ya auna ni da ido ba. Sai na zo ɗakin shuɗi. Tagarsa ba kamar sauran ba ce, ya sauke ta ƙasa daidai ƙirjin yaro, kuma tana kallon ƙofar waje kai tsaye. Na daɗe a tsaye kafin na gane dalili. Wanda ba ya jin sallama, sai a ba shi inda zai ga mai shigowa.

Na share idona na fito. A gabansu duka na yi maganar.

"Na zo in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar farko. Gidan nan ya yi kyau, Kafinta. Ban taɓa shiga gidan da aka yi da so irin wannan ba. Duk macen da aka gina wa shi ta isa ta yi alfahari."

Ya ajiye abin gugar a hankali.

"Amma kin ce kango ne a tsakiyar daji."

"Ni?"

Ya juya ya dubi Yayarsa. Yaya ta duƙufa tana naɗe tef kamar ranar aka ƙirƙiro shi. Na tambaye shi ko shi ya ce mace ta fi gida sauƙin samu. Ya ce Allah ya kiyaye bakinsa da wannan magana. Ya tambayi Yaya, ba ta ce masa shara baƙuwar ta zo taya ta ba? Budurwar ta ɗauki jakarta ta ce bari ta amsa waya a waje, ba ta sake shigowa ba.

Na ce masa amsata ba ta sauya ba, ba zan iya kawo Kurciya nan ba. Ba na dai so ya ɗauka ban gani ba ne. Ya ce in tsaya ya kai ni. Na ce a'a, yadda na zo haka zan koma. Ina jin idonsa a bayana har na sha kwana.

Ranar Alhamis Kurciya ta manta kwanon abincinta, na karɓi izini a wurin aiki na kai mata lokacin hutun cin abinci. Daga nesa na hango wani mutum ya dafa shingen makarantar, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ko a cikin dubu na san wannan kafaɗar.

Bai yi mamakin ganina ba. Ya ce tun Litinin yake ajiye motarsa, ya fito daga sabon gidan da asuba ya bi bas-bas ɗin da na bi, don ya gani da idonsa. Ranar da ya fi sauri tara saura minti goma ya iso. Yau tara da rabi. Ko sau ɗaya bai tarar da ƙofar a buɗe ba.

"Amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba," ya ce. "Dubi can."

Kurciya ce a tsakiyar 'yan mata shida a ƙarƙashin bishiya, tana ba su labari. Hannayenta suna tashi suna sauka, tana kumbura kumatu, tana zare ido, tana kwaikwayon tafiyar wata malama. Sauran suna ta faɗuwa don dariya. Wata ta so ta katse ta, ta kama hannun yarinyar ta sauke, alamar bari in gama.

"Ban san tana da surutu ba," ya ce.

"Ta fi ni."

"Shekara guda ina ganinta, na ɗauka yarinya ce mai shiru-shiru. Ashe mu ne ba mu da baki a wurinta."

Ya cire tabaran ya goge da gefen riga, abin da na hana shi sau ɗari. Yau na ƙyale shi.

"Na gina mata ɗaki, Likitata. Ban gina mata wanda za ta yi hira da shi a ciki ba." Ya mayar da tabaran. "Nuna min wannan gidan naki."

A saman shagon mai sayar da littattafai yake, matakalarsa ƙunci, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma. Ɗaki biyu, da ɗan falo, da madafar da in na buɗe hannuwana zan taɓa bangon nan da na can. Gaba ɗayansa bai kai falonsa ba. Amma ta taga kana hango tutar makarantar, shagonmu yana ƙarshen layi, gidan Umma yana bayan kwana, wurin aikinsa kuma bas ɗaya ne.

Ya tsaya a tsakiya ya daɗe yana kallon ɗakunan. Na san abin da yake haɗiyewa, na ji kamar in ce a fasa. Na ce masa ban manta da rantsuwarsa ba, kuma ba na so ya tashi wata rana ya dube ni ya ga macen da ta sa ya karya ta.

Ya ce ya kwana uku yana juya maganar. Ya ce abin da ya rantse a kai shi ne kada a fitar da kayan matarsa waje ta rasa inda za ta nufa. Gidan yana nan, ba sayarwa zai yi ba.

"Wanda yake da inda zai koma ba a wulaƙanta shi," ya ce. "Nan zama za mu yi don mun zaɓa, ba don mun rasa ba."

Sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya zaro tef daga aljihu.

"Rufin yana da tsawo. Wanda ya rasa faɗi sai ya nemi sama. Riƙe min nan, masoyiya."

Na riƙe masa bakin tef ɗin, ina dariya hawaye yana zuba.

Babban gidan kuwa, wani malamin makaranta mai 'ya'ya bakwai ne ya shiga. Kafinta ya ce gida irin wannan hayaniya yake so, kuma ranar da ya ga yaran suna tsere a tsakar gidan ya dawo yana fara'a. Mako shida ya yi yana aiki a saman shagon, da izinin mai gidan. Ya yi mana gadon da ake naɗewa ya shige bango da safe, da teburin da ke saukowa lokacin cin abinci ya koma bayan an gama. Ya jera kabad tun daga ƙasa har rufi, da ɗan tsani mai taya. Gadon Kurciya ya ɗaga shi sama, ya sa mata teburin karatu a ƙarƙashi. Ya haɗa ƙofa da wani ƙwan fitila, duk wanda ya danna ƙararrawa sai ya yi walƙiya a kowane ɗaki. Ranar farko Kurciya ta sa shi ya sauka ya danna ya fi sau ashirin.

Aka ɗaura mana aure ba wani taro mai yawa. Yaya ta zo tana cin magani, ta leƙa ɗakunan ta ce ko kaji sai sun yi haƙuri da juna a nan. Na ce mata haƙurin muke nema, na zuba mata shayi. A zuwanta na uku na ji ta a madafa tana raɗa masa ko zai yi mata irin wannan kabad ɗin. A zuwa na huɗu, yana wurin aiki, ta zauna ta ba ni labarin yadda take ɗaukar tukwanen mahaifiyarsu a ka duk lokacin da aka tashe su, tana da shekara goma sha biyu. Ta ce ita gani take duk wanda ya ƙi gidan nan kamar ya ƙi wahalarsu ne. Ba ta ce in yafe mata ba, ni ma ban jira ba. Na dai ƙara mata shayi, ta karɓa.

Yanzu shi yake raka Kurciya makaranta duk ranar da yake gari. Ina tsayawa a taga ina kallonsu, ƙaton mutum da 'yar yarinya, yana ƙoƙarin yi mata magana da yatsunsa masu kauri, ita kuma tana kama su tana gyara masa kamar malamar da ɗalibi ya ishe ta. Hannun da ke gane kaurin katako ba tare da awo ba, sai ga shi ya ce "kifi" alhali "gobe" yake nufi.

Wata safiya, wajen wata huɗu da tarewarmu, na ji shi yana hawo matakala da sauri. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. Ya ce an kawo sabuwar malama, ta tare su a ƙofa ta tambayi Kurciya wane ne wannan. Ya ce shi ya san sunan da Kurciya take kiransa da shi, alamar jan zarto, amma yau ba ita ta yi ba. Wata ta yi daban, kuma da ta yi sai ta ruga cikin aji ta ƙi waiwayowa.

Ya ɗaga hannu ya kwaikwaya min, a karkace, amma na gane.

Duk alamomin da na koya masa, wannan ce kaɗai na tsallake da gangan, don ba ni ce mai bayar da ita ba.

"Me take nufi?" ya ce. "Ba zagina ta yi ba dai?"

Na ajiye kofin da ke hannuna.

"Cewa ta yi, Babana."

Ya dube ni. Sai ya juya ya zauna a kan matakalar nan mai ƙunci, ya cika ta gaba ɗaya, ya rufe fuska da hannu biyu. Mai shagon ƙasa ya taho zai hawo da saƙo, na yi masa alama daga sama ya dawo anjima. Na sauko na matsa a gefensa, duk da wurin bai isa mutum biyu ba.

Ya ishe mu.